Ranar da Na Kwantar da Layi Arba'in Lokaci Guda

Masu bibiyata, ku gyara zama, yau abin da zan faɗa muku ko ni da ya faru a kaina ban gama yarda ba. Wanda bai san ni ba, ga ni a taƙaice. Shekarata talatin da ɗaya, kuma ban iya rubuta sunana ba sai da na kai ashirin da biyu. Jinyar mahaifinmu ce ta cinye ƙuruciyata. Lokacin da sa'o'ina ke aji, ni ina bakin gado da kofi da cokali. Bayan rasuwarsa na shiga ajin manya, na lallaɓa har sakandare, daga nan cibiyar koyon kwamfuta. Yanzu watana tara a wani ɗan ofis da ke rubuta manhajar da asibitoci ke tura wa marasa lafiya saƙon tuni da ita: ranar ganin likita, lokacin karɓar magani. A gida Shiru ake kirana, kuma ban taɓa musa sunan ba.

Ranar Alhamis da safe ina goge doguwar rigata mai ruwan toka a bakin falo, Yaya yana motsa shayinsa kamar cokalin ne ya yi masa laifi.

"Shiru, yau wace rana?"

"Alhamis, Yaya."

"Jibi fa?"

"Asabar."

"Madalla. Ashe karatun bai tashi a banza ba."

Matar Yaya ta ƙyalƙyale daga kicin. "Ka bar ta mana, wataƙila a jirgi zai sauka. Shi ya sa har yanzu ba mu ga ko takalminsa ba."

Goggo, ƙanwar mahaifinmu da ta riƙe mu, tana kan kujerarta ta roba kusa da taga. Kallona kawai ta yi ta saman gilashinta, irin kallon da ke sa mutum ya ƙona wuyan riga. Na kuwa kusa ƙonawa.

Ga yadda maganar take. Akwai Mai Kemis na bakin titinmu, shekara guda yana jiran amsata. Ba zan ɗora masa sharri ba, mutumin kirki ne, ko kaza bai taɓa kora da faɗa ba. Sai dai ya faɗa tun farko, bai ɓoye ba: in an yi aure zan bar ofis in zauna masa a kanti. Ni kuwa da na sha wuya kafin haruffa su yarda da ni, in na tuna barinsu sai in ji kamar an ce in mayar da idona guda. Watan jiya Yaya ya titsiye ni, ya ce ba mai tilasta min, amma ba a barin bawan Allah a tsaye shekara guda. Sai na ji bakina ya ce, "Akwai wani." Yaya ya ce to ya fito kafin Asabar ɗin ƙarshen wata. Ni kuma, da bakina, na yi alkawari in bai fito ba zan ce wa Mai Kemis to.

Abin da ban faɗa wa kowa ba sai ku: shi wanin bai san shi ne wani ba.

Injiniya muke ce masa a ofis. Dogo ne, rigunansa uku duka masu ruwan bula, hannun riga kullum a naɗe zuwa gwiwar hannu. Teburinsa yana bayan nawa. A wata tara, maganar da ta haɗa mu ba za ta cika shafi ɗaya ba. Ni ba na magana, shi ba ya magana, fanka ce kawai ke hira a tsakaninmu. Amma mai saurare yana jin abin da ba a faɗa ba, ko kuma haka nake ruɗin kaina. Da wannan ruɗin na ɗaura mayafina na fita.

Ofishinmu ɗaki biyu ne a saman wani shagon ɗinki. Tebur biyar, firinta mai cin takarda, da butar shayi da ba a san mai ita ba. Aikin da Shugaba, mai ofishin, ta ba ni ranar shi ne in gano dalilin da ya sa saƙon tuni ke fita sau biyu ga wasu marasa lafiya.

Bari in yi muku bayanin abu ɗaya, don shi ne kan labarin. Manhaja layi-layi ake rubuta ta, kwamfuta kuma tana bin layukan tana aikata abin da suka ce. In kana zargin wani layi, ba sai ka goge shi ba. Akwai alama mai kama da ɗan tsani, in ka sa ta a farkon layin, sai layin ya koma ruwan toka. Yana nan, kana ganinsa, amma kwamfuta za ta tsallake shi kamar ba ta san da shi ba. 'Yan ofis suna cewa an yi masa kwament. Ni kwantarwa nake cewa, don haka nake ganinsa, layi ya kwanta ya ja bargo.

Layi arba'in nake son kwantarwa. Na fara yadda na saba: in kai kan layi, in karanta shi, in sa ɗan tsani, in sauka na gaba. Ɗaya bayan ɗaya. Haka aka nuna min a cibiya, kuma ni abin da aka nuna min ba na yi masa gardama.

Ina kan na goma sha bakwai Rediyo ta leƙo. Abokiyar aikina ce, kuma ba sai na faɗa muku dalilin sunan ba.

"Innalillahi! Anti, wake kike tsincewa? Kafin ki gama ai marasa lafiyar sun warke da kansu."

Na yi murmushi na ci gaba. Sai na ji kujerar bayana ta motsa. Na ji ƙamshin sabulu.

"In nuna miki wani abu?" in ji Injiniya.

Na gyaɗa kai. Bai taɓa kibod ɗina ba, da biro ya yi nuni.

"Cire waɗanda kika sa tukuna. Yawwa. Yanzu ja linzamin kwamfutar daga layin farko har na ƙarshe, duk su yi shuɗi. Danne wannan maɓallin na kusurwa, kwantirol. Kar ki saki. Sai ki taɓa wannan, mai karan da ya jingina."

Na taɓa.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Layi arba'in, masu ja da kore da ruwan ɗorawa, duk suka kwanta lokaci guda. Ƙananan tsani arba'in suka fito a jere, a miƙe, ba wanda ya karkace, kamar dama suna bayan gilashin suna jiran a kira su. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Na saki baki. Na ji tsikar jikina ta tashi har ƙeya.

"Sake taɓawa," ya ce.

Na sake. Suka farka gaba ɗaya, kowa da launinsa.

"Ikon Allah," na ce, ban san a fili na faɗa ba.

Na kwantar, na tasa, na kwantar, na tasa. Rediyo tana dariya har da buga tebur, wai ta ga yaro da sabon makunnin lantarki. Ban ji haushi ba. Ni abin da ke raina daban ne. Na tuna ranar da na fara haɗa harafi uku suka zama kalma, yadda na zauna ina kallon allo ina tsoron in motsa kada ta warwatse. Wani bawan Allah a wani wuri ya zauna ya yi tunanin gajiyar yatsun mutumin da bai taɓa gani ba, ya ajiye masa wannan sauƙin a ƙarƙashin maɓalli biyu. Wata tara abin yana gaban hannuna ban sani ba. Me kuma ya rage a kibod ɗin nan da ban sani ba?

"Me ya sa ba ka nuna min tuntuni ba?" na tambaya. Ita ce tambaya mafi tsawo da na taɓa yi masa.

Ya sosa ƙeya. "Yadda kike yi ɗin ma yana da kyau."

"Kyau?" in ji Rediyo. "Injiniya, ka ji tsoron Allah."

Ya koma kujerarsa.

Bayan azahar Shugaba ta tura shi wani asibiti da kwamfutarsu ta ƙi tashi. Tana rataya jaka ita ma ta ce min, "In kin gyara, ki gwada a fayil ɗin gwaji na Injiniya, yana cikin ma'ajiyar ofis. Fayil ɗin yana tura saƙo na gaske, amma zuwa layin wayar ofis kawai, ba ya taɓa marasa lafiya."

Na buɗe fayil ɗin. Na liƙa layukana a sama. A ƙasansu akwai wasu tsofaffin layuka a kwance, ruwan toka, ban ko kalle su ba. Da ni ce ta jiya, sai na karanta kowane. Amma ta yau ta samu sabon hannu, ji take kamar ta haɗiye duniya. Na kwantar da nawa na gwada, saƙo bai maimaitu ba. Alhamdulillahi, ɓarnar tana cikinsu. Na ja linzami zan tashe su in duba. Nawa toka, nasa toka, ba iyaka a tsakani. Na ja har ƙasan shafi. Kwantirol, karan da ya jingina. Na danna gwaji.

Kwamfuta ta rubuto cewa saƙo tara sun fita.

Biyu nake jira, nawa mai maimaituwa. Ina bakwai suka fito? Na gangara ƙasa, na ga layukan Injiniya sun farka, rubutun cikinsu kore shar. Kuma ba Turanci ba ne.

Na farko: "Sannu da zuwa ofis. In akwai abin da ba ki gane ba, ina bayanki."

Na biyu: "Na ga kina karanta kowane layi da leɓɓanki kafin ki taɓa shi. Shekara goma ina aikin nan, ban ga mai girmama rubutu haka ba."

Na uku: "Yau ruwa ya dake ki a hanya. Lema biyu gare ni, na rasa yadda zan faɗa."

Ruwan nan na tuna shi, wata shida ke nan.

Na huɗu: "Ƙafar kujerarki ta daina ƙara. Ni ne. Ba sai kin gode ba."

Na biyar: "Ina son magana da ke. Ba ta aiki ba."

Na shida: "Rediyo ta ce akwai mai nemanki. Allah ya sanya alheri. A'a, ƙarya nake."

Na bakwai: "Wa zan gani a gidanku, kuma yaushe ya fi sauƙin kai? Da gaske nake."

Na zauna kamar an dasa ni. Fanka tana juyi, telolin ƙasa suna taka kekensu, Rediyo tana faɗa da firinta, ni kuma ina kallon wata tara na shirun mutum a jere a gabana. Ashe duk lokacin da na ji kibod ɗinsa ya yi sauri sannan ya tsaya cak, abin da ake yi ke nan. Ya rubuta, ya kai yatsa zai aika, zuciya ta gaza, ya kwantar. Bai goge ko ɗaya ba. Na rufe bakina da gefen mayafi don kada wani sauti ya fita.

Can hankalina ya dawo. In saƙo bakwai sun fita, me ya sa wayata ba ta yi motsi ba? Na duba lambar da ke jikin layukan. Ba ta ofis ba ce. Ba tawa ba ce kuma. Na karanta ta sau biyu. Ranar da na cike takardar ɗaukar aiki ba ni da waya, lambar Goggo na rubuta. Daga takardar ya ɗauka.

Goggo kuwa ba ta karatu. In saƙo ya shigo mata, miƙa wa na kusa take yi.

Ban gama wannan tunanin ba wayata ta yi ƙara. Matar Yaya ce ta rubuto: "Ke Shiru!!! Dawo gida yanzu yanzu."

Wani ya biyo: "Yayanki na karanta wa Goggo abu a falo. Ya kai na lema. Cikina ya ƙulle."

Wani kuma: "Ashe ba jirgi ba ne, mai gyaran kujera ne."

Na sake kwantar da layukan bakwai, wannan karon ɗaya bayan ɗaya, kamar hakan zai dawo da su. Na ce wa Rediyo kaina ke ciwo. Ta ce, "Dole, kin danna maɓalli ɗaya sau ɗari." Na sauko, ban san yadda na tsallake titi ba.

La'asar ta yi sanyi lokacin da na tura ƙofar falo. Yaya yana tsakiyar doguwar kujera, ƙaramar wayar Goggo a tafin hannunsa kamar ɗan tsako. Matar Yaya tana jingine da ƙofar kicin, idonta duk hawayen dariya. Goggo ta cire gilashi ta ɗora a cinya.

"Zauna," in ji Yaya.

Na zauna a ƙasa, bakin kafet.

"Wane ne?"

"Abokin aikina ne, Yaya."

"Shi ne wanin?"

"Shi ne."

"Sake karanto min na leman nan," in ji Goggo.

"Goggo, sau uku fa ke nan."

"Kunnena ne ko naka?"

Yaya ya karanta, da muryar nan tasa ta mai karanta sanarwa. Goggo ta girgiza kai. "Lema biyu, ya bar min 'ya ta jiƙe. Wannan ai irinku ne, Shiru. A ina kika samo mai ciwo irin naki?"

Matar Yaya ta zame ƙasa don dariya. Yaya bai yi ba.

"Abu ɗaya ban gane ba," ya ce. "Wanda ya ce sannu da zuwa ofis, da wanda ya ce wa zan gani, duk minti ɗaya suka shigo. Wane irin nema ne wannan, wata tara a numfashi guda?"

Da na so, da na yi shiru, an san ni da shi. Amma ƙarya ɗaya ta ishe ni ɗauka. Na yi musu bayani yadda zan iya: ɗan tsani, layi a kwance, maɓalli biyu, hannuna da ya zarce. Goggo ta saurara baki buɗe.

"Wato magana tana nan a rubuce, amma injin ba ya jin ta sai an tashe ta?"

"Haka ne, Goggo."

"Kuma guda arba'in da yatsa biyu?"

"Ko ɗari ne."

"Allah mai iko," ta ce a hankali, ta kalli yatsunta.

Yaya ya ajiye wayar a kan tebur. "To kin ji inda matsalar take. Ba shi ya aiko ba. Ke kika aiko wa kanki."

"Kuskure ne, Yaya."

"Na yarda. Amma ni cewa na yi ya fito. Wanda ya rubuta sau bakwai ya rufe sau bakwai, bai fito ba. Ba zan je in ce wa Mai Kemis ya haƙura saboda rubutun da mai shi ma bai yarda ya aika ba. Ya san ma sun fita?"

"Bai sani ba."

"To kira shi. Nan, a gabana. In ya ce wasa yake, kin huta, mun huta, Asabar tana nan inda take."

Matar Yaya ta daina dariya. Gaskiya Yaya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Ta yiwu na bakwai ɗin tun watan jiya ya rubuta, ya canza ra'ayi. Ta yiwu kunyar abin da na yi ta sa gobe ya nemi a canza masa tebur. Lambarsa tana wayata wata takwas ban taɓa danna ta ba. Na danna, na sa a kunne, na rufe ido.

Ta fara ringi. Sai na ji abin mamaki: ringin yana kunnena, wani ringin kuma yana shigowa ta taga, daga bakin ƙofar gida.

Matar Yaya ta ɗaga labule da yatsa ɗaya. "Akwai wani dogo a waje," ta ce da raɗa. "Riga mai ruwan bula. Ya kai hannu zai ƙwanƙwasa, ya mayar. Ga shi ya sake kaiwa."

Daga baya na ji cewa daga asibiti ya biya ofis, ya buɗe rajistar saƙonnin da suka fita kamar yadda yake yi kullum, ya ga bakwai ɗinsa a jere, kowanne an rubuta ya isa. Rediyo ce ta yi masa kwatancen gida, kuma ta ce ba ta taɓa ganin mutum ya sauka bene da taku uku ba.

Yaya ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa, ya fita. Na bi shi har bakin baranda, ƙafata ba takalmi. Ya zare sakata, ya buɗe ƙofar kaɗan, iya faɗin fuskarsa.

"Kai ne mai bakwai ɗin?"

"Ni ne, Yaya." Ya gyara tsayuwarsa. "Na takwas ɗin ne na ce gara in kawo da bakina."

Yaya bai ce shigo ba, bai ce koma ba. Ya daɗe yana kallonsa, daga sama har ƙasa. Sannan ya juyo, hannunsa na kan sakata.

"Ke, wannan karon ba inji, ba Goggo, ba ni. In buɗe?"

Na ji Goggo a bayana tana cewa Matar Yaya ta goge kujerar baƙi.

"Buɗe, Yaya," na ce.